Almakashin Baffa da Kan Surukina

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Baffana, yayan mahaifina, wanzamin da ya haura shekara hamsin yana aski a Jega da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ya rasu ana saura wata biyu alhazai su tashi. Yau wata biyar ke nan. Na so in rubuta wannan tun a lokacin, amma akwai maganar da ba ni da ikon faɗi sai yanzu.

Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a ƙofar gida, kuma ban taɓa ganin zaman makokin da ake ta cire hula kamar wannan ba. Mutum zai zo ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, sai ka ga ya ture hula yana sosa ƙeya kamar ya tuna wani abu. Wani tsoho daga Gumbin Kure ya cire tasa gaba ɗaya ya ɗora a gwiwa, ya ce tun yana saurayi hannu ɗaya ne ke taɓa kan nan, yanzu sai dai a bar shi ya zama daji. Wani direba ɗan Aliero ya ba da labarin ranar da ya motsa ana cikin yi masa aski, Baffa ya ɗaka masa duka a ƙeya a gaban fasinjojinsa. Aka yi dariya, sannan aka tuna inda ake, aka yi tsit. Gwaggona, ƙanwarsu, ta aiko daga cikin gida cewa a bar mutane su yi dariyarsu, marigayin ba ya son zaman da aka ɗaure fuska.

Mutum ɗaya ne bai taɓa hularsa ba. Surukina, mahaifin matata, malamin allo a Gehuru, ya zo duk kwana ukun ya zauna can ƙarshen tabarma da carbinsa. Shekara ashirin da biyu ina auren 'yarsa, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Rana ta uku da zai tafi, ya tsaya sa takalmi kusa da inda nake, ya yi magana kamar da bango yake yi.

"Alhamis ina gida."

Na san abin da yake nufi.

Ga maganar, kuma shi da bakinsa ya yarje mini in rubuta. Surukina yana da tabo a kai, daga saman kunnen hagu zuwa kusa da tsakar kai, inda gashi ba ya fita. Ban da matarsa da Baffa, babu mai rai a ƙasar nan da ya taɓa ganinsa. Shekara arba'in Baffa na zuwa Gehuru duk bayan mako biyu, su shiga zaure su rufe ƙofa, ya gyara gashin yadda in malam ya ture hula zai shafi kai wurin alwala, na kusa da shi ba zai ga komai ba. Bana kuma malam ya samu kujerar Makka. Mai harami ba ya rufe kai. Kwana da kwanaki zai yi kai a buɗe, cikin rana, a tsakiyar mutanen Jega da Maiyama da suka san shi, wasunsu ma a gabansa suka yi karatu. Wanda zai shirya kan ya mutu, ya bar mini aikin.

Amma bari in fara faɗin wane ne Baffa.

Aska ya gada, kamar kowane wanzami. Askin jariri ranar suna, ƙaho, cire belu, duk ya yi. Almakashi kuwa shi ya koya wa kansa, a lokacin da dattijo in ya zauna gaban wanzami ƙwal ake yi masa a wuce wurin. 'Yan'uwansa wanzamai suna yi masa tsiya, suna ce masa tela. Bai taɓa kula su ba.

Ba ya fara aiki sai ya shafa kan mutum da tafin hannu, daga goshi zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, yana neman inda gashi ya kwanta da inda ya juya, da duk wani tudu ko rami. In kana sauri, sai ka tafi wani wuri. "Ka gaida kai kahin ka taɓa shi da ƙarhe," haka yake cewa, kuma na ji wannan maganar har ta gundure ni.

Ba ya yanka gashi a kwance kamar mai yankan ciyawa. Sai ya jiƙa tsumma ya dafa kan, ya tsefe da mataji har gashin ya tashi tsaye, sannan ya shigar da bakin almakashi cikin gashin ta sama, yana ɗan tsinka nan da can, ba ya barin tsawon ya zama ɗaya. Nan ya rage, dab da shi ya bari, bambancin bai wuce ƙwayar dawa ba. Ya ce gajeren gashi shi ke tura dogo, don haka in kana son gashi ya karkata gabas, na yammacinsa za ka rage. Da haka yake kora gashi ya rufe inda ake son rufewa, ba tare da ya shafa baƙi ko wani abu ba. In ya gama, kan ba ya zama sumul. Yana da ɗan tudu da kwari kamar gonar da gero ya fara tasowa, in mutum ya juya wuya sai ka ga kamar gashin na motsi. Kilifa kuwa, wato injin aski, a cewarsa, daɓe take yi, kuma ko tsinke ne ya faɗi kan daɓe sai an gan shi.

Madubi bai dame shi ba. Sai ya sa ka tashi ka taka cikin rana har gindin dogon yaro ka dawo, shi yana tsaye yana kallonka da ido ɗaya. Masu kuɗi da masu sarauta duk sun yi wannan tafiyar. In ka ce kai dai ba ka ga wani kyau ba, sai ya ce ba askin yau ya yi maka ba, na mako uku ne, ka dawo ranar ka faɗa masa.

Ni ban tashi da wanzanci ba. Mahaifina ya bar aska ya kama noman albasa, na bi shi, sai da albasa ta ruɓe mini shekara biyu a jere na dawo wurin Baffa ina da 'ya'ya uku. Ya koya mini abin da kaina zai iya ɗauka. Na ga almakashi na cin lokaci, na sayi kilifa da ƙaramin janareto na buɗe shago kusa da tasha. Baffa ya ci gaba da almakashinsa. Abin da ya haɗa mu faɗa wani ango ne ɗan Sarandosa. Ya shigo ranar kasuwa ya ce a rage masa. Layi ya yi tsawo, ban shafa kan ba, na ɗora kilifa daga goshi na tura har ƙeya. Sai ga tabon makero uku, kowanne kamar kwabo, fari tas, na tun yarinta waɗanda gashi ya rufe. Saura kwana biyu ɗaurin aure. Mutumin ya dubi madubi, ya sa hula ya fita. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kafin la'asar labari ya kai wa Baffa. Ya zo shagon, ya zare wayar kilifa daga bango, ya dube ni, ya tafi. Wata biyu ina gaishe shi yana amsawa kamar baƙo. Gwaggo ta same shi ta ce yaron nan fa bai kashe kowa ba, gashi ne, zai fito. Ya ce ya san zai fito, amma amarya ta riga ta gani. Daga baya na ji ashe ya bi angon har Sarandosa a kan kekensa ya duba ko akwai abin da za a iya gyarawa. Babu. Ni na yi ɓarnar, shi ya je ba da haƙuri.

Ranar da ya huce bai ce ya huce ba. Ya aika aka kira ni, ya zauna kan kujerarsa ta katako, ya miƙo mini almakashinsa ya ce in yi masa. Awa guda na yi ina gumi. Da na gama ya shafa, ya sake shafawa.

"Hannunka na da nauyi awa na mai sussuka," ya ce. "Amma ba laihi."

Ban taɓa samun yabon da ya wuce wannan daga bakinsa ba.

Akwai wani abin da yake yi wanda mutane da yawa ba su sani ba. Lokaci-lokaci yakan hau mota ya tafi Aliero, gidajen masu ɗori, inda ake kwantar da waɗanda suka karye mako da makonni. Sai ya durƙusa gefen tabarma ya yi wa mutum aski a kwance, ya gama ɓangare ɗaya, a taimaka a juya shi, ya yi ɗayan. Ba ya karɓar komai, sai dai in an ba shi goro. Na taɓa ce masa wanda ƙafarsa ke ɗaure da kara ina ruwansa da gashi. Ya ce mutumin da ƙafa ta karye kuma kai ya yi buzu-buzu, gani yake an jefar da shi. In an gyara kan, sai ya tuna zai tashi.

Bayan daminar bara hannunsa ya fara rawa. Ya ajiye aska da kansa, ba wanda ya ce ya ajiye. Almakashi ya ci gaba da riƙewa a hankali, har ciwo ya kwantar da shi. Wata rana da hantsi ya sa aka kira ni, ya ce a kawo ƙwarya da gawayi, kowa ya fita. Ya kifa ƙwaryar a cinyarsa, ya ja layi daga gefe zuwa sama. Ya ce wannan tabo ne, mai shi zai shiga harami, kuma ni zan shirya shi. Na tambayi kan wane ne.

"Na surukinka."

Na miƙe tsaye.

"Zamna," ya ce.

Na ce Baffa, mutumin da ko sunansa ba na iya faɗi, yaya zan tsaya a kansa in dafa ƙeyarsa. Na ce akwai masu aski goma a Jega da suka fi ni hannu, ya zaɓi ɗaya.

"Goma da bakunansu goma. Kai ko kana jin kunyatai, ba ka hwaɗi."

Abin da na kawo a matsayin uzuri, shi ne dalilin da ya sa ya zaɓe ni. Na tambayi abin da ya jawo tabon. Ya ce shekara arba'in shi bai tambaya ba, ni ne zan tambaya a rana ɗaya?

Kwana tara yana koya mini a kan ƙwaryar nan. Nan gashi gaba yake tafiya, nan yake juyawa, wannan bakin kada ƙarfe ya taɓa shi har tafiya ta zo. Ya ce alhazai sai sun kusa mako biyu da tashi kafin su ɗaura harami, don haka askin wannan ranar zan yi, ba na ranar tashi ba. In ƙwarya ta gaza, sai ya kama hannuna ya ɗora a nasa kan, ya ce in ɗauka tabon na nan, in nuna masa inda zan sa almakashi. In na yi kuskure ya buge hannun. Ƙarfinsa ya ƙare amma bugun na da zafi. Rana ta goma ya daina magana, washegari aka yi masa sutura.

Alhamis da safe na ɗauki jaka. Matata ta tambayi ina zuwa, na ce Gehuru. Ta ce ikon Allah, mutumin da in an ce a je gaida Baba sai babur ya rasa mai, yau shi ne da sammako. Na ce saƙon marigayi zan kai. Ta dubi jakar, ta dube ni, ta ce to a gaida Inna, kuma in an kawo fura in sha, in daina mayar musu da kwano cike kamar an sa mini guba.

Na tarar malam ya sallami masu karatu. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya shiga zaure, na bi shi, ya rufe ƙofa ya bar taga. Ya zauna ya fuskanci bango. Ni dai ba zan buɗe baki in ce wa surukina ya cire hula ba, ko za mu kai magariba a haka. Can ya yi gyaran murya.

"Wanzam, bisimilla."

Shekara ashirin da biyu bai taɓa kirana da kowane suna ba. Ya cire hular ya ɗora a cinya.

Tabon ya fi na ƙwarya muni, ya lotsa a tsakiya, kuma duk wanda ya taɓa riƙe adda ya san abin da ya yi shi. Sai da na buɗa gashin da yatsa na gan shi. Abin da ya tsayar da ni ke nan. Mako biyar rabon Baffa da kan nan, amma kowane gashi na nan inda ya ce ya tsaya. Ina ganin inda ya rage, ina ganin inda ya bari, kamar ka shiga gona ka tarar da sawun mutumin da ka binne. Nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, ba sauti, a bayan surukina. Ya ji. Bai juyo ba.

Ranar ban yi wani abin kirki ba, gefen dama kawai na rage. Aikin gaske sai da na koma ana saura kwana biyu su shiga sansanin alhazai. Na jiƙa, na tsefe, na bi bakin tabon ta ƙasa ina rage gajeru don su tura dogayen sama su rufe. Na yi sauran kan duka da tudu da kwari, don ido ya rasa inda zai tsaya. Komai na tafiya daidai, har na zo saman kunne. Nan hannun mai sussuka ya yi halinsa. Na tsinka fiye da kima, ƙarshen tabon ya leƙo, fari, kamar ƙwayar shinkafa.

Na tsaya riƙe da almakashi. Ba ya gani, ba madubi a zauren, da na yi shiru ba zai sani ba. Na ce masa Baba, na yi ɓarna kaɗan a saman kunne. Ya tambaya ko zai rufe. Na ce in abin da Baffa ya faɗa mini game da tsirar gashinsa haka ne, zai rufe cikin mako biyu, in ba haka ba ne, ba zai rufe ba. Ya ce bai taɓa kama marigayi da kuskure a kan gashi ba. Na ba shi ƙaramin almakashi na nuna masa yadda zai ɗan tsinki baki-baki da kansa in ya gama umara, kada ya miƙa wa kowa kan. Ya mayar da hula, na koma suruki, na durƙusa na yi sallama.

Mako uku ban ji komai ba, abinci ma ba ya yi mini daɗi. Sai wani mahauci maƙwabcin shagona, wanda jirgi ɗaya suka hau da malam, ya bugo mini waya daga can don in san ya je.

"Kai, ashe surukinka gashi gare shi awa na saurayi? Muna ta yi mai tsiya, shekara da shekaru shina ɓoye muna wanga kai cikin hula."

Na ce to, Allah ya karɓi ibada. Na rufe shago da rana tsaka, na tafi maƙabarta na tsaya wurin Baffa na yi masa addu'a. Kwana da kwanaki cikin ranar Makka, a gaban mahauci mai idon ganin ƙashi cikin nama, aikin ya tsaya. Hannuna ne ya yi, amma na san na wane ne.

Ranar da suka dawo muka tafi Gehuru da matata. Ƙofar gida cike, ana rabon dabino da zamzam, ni ina can baya inda suruki ke zama. Bayan an yi addu'a, malam ya ɗaga hannu ya cire farar hularsa a gaban kowa. Ƙwal. An aske shi tas a Mina. Tabon na ƙyalli daga kunne har tsakar kai. Har 'ya'yansa maza suka sunkuyar da kai.

Ya faɗi labarin a gajarce. Ya ce yana ɗan shekara ashirin da wani abu, kafin ya san karatu, a wani gari da ba nan ba, ya ja faɗa a dandali, shi ya fara zare wuƙa, abokin faɗan ya riga shi da adda. Ya tuba, ya bar garin, ya nemi ilimi. Ya ce mutum ɗaya ya ga wannan tabon ya rufa masa shekara arba'in, bai taɓa tambayarsa ko da wasa ba, kuma ya roƙi duk wanda ke wurin ya karanta wa mutumin ƙulhuwallahu. Aka karanta. Wasu tsofaffi na hawaye.

Ni kuwa, gaskiya, haushi ne ya kama ni. Kwana tara na mai jinya, wata biyu na fargaba, wani wanzamin Mina ya share cikin minti biyu. Da mutane suka ragu na je na durƙusa yin sallama, sai bakina ya riga ni. Na ce Baba, da an san haka za a yi, ai da ba a wahalar da marigayi ba. Ban taɓa faɗa masa maganar da ta wuce gaisuwa a gaban mutane ba. Ya ci gaba da jan carbinsa, idonsa a ƙasa.

"Wanzam, da rana tab buɗe shi, da tonon asiri na. Ni nib buɗe shi da hannuna, ranar da nig ga dama. Wanga shi na abin da baffanka yab ba ni."

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwancinsa, ya haɗa shi da mutanen kirki. Duk wanda tafin hannun nan ya taɓa bi ta kansa, daga Jega har Maiyama, in wannan rubutu ya iske shi, ya yi masa addu'a. Kowannensu shi ya san abin da Baffa ya rufa masa. Mu har gobe ba mu sani ba.